Da Ƙugiya ko Babu

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

Shekara talatin da takwas ina karanta rubutun mijina, yau ga ni ina yin nawa. Wannan littafin na Malam ne, a durowarsa na tsince shi babu ko layi ɗaya a ciki. In ya dawo ya ga na ɓata masa takardu zai yi faɗa. Ina so ya yi faɗan.

Yau kwana biyu da Talata. Ba zan rubuta zancen Talata ba.

Na share ɗakin karatunsa, na jera littattafansa goma sha bakwai yadda yake son ganinsu: na labari tara a hagu, na tunani a kan bangaskiya takwas a dama. Keken rubutunsa ne kawai ban taɓa ba. Takardar tana nan maƙale a ciki yadda ya bar ta. Na lulluɓe shi da tsohon zanena, na gyara kujerar.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti, ɗaki na huɗu, gadon jikin taga. Ya gane ni. Hannunsa na dama yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba, bakin kuma ya ɗan karkace. Likita ta ce mu ba shi lokaci, maganar tana iya dawowa, tana kuma iya daɗewa.

Wata nas ta duba katin da ke ƙafar gado, ta dube shi, ta sake duba katin.

"Mama, wai shi ne wanda ya rubuta *Mai Gyaran Agogo*? Mun yi shi a sakandare! Wallahi sai da na yi kuka a wajen da tsohon ya mayar wa ɓarawon agogonsa."

Na ce, "Shi ne, 'yata. Ni kuma na sa wa littafin ƙugiya."

Ta yi dariya don ba ta gane ba. Malam ya gane. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta zancen ƙugiya, ko don nas ɗin nan da ire-irenta.

Keken Malam ya girmi aurenmu, kuma waɗanda suka ƙera shi ba su san da mu ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. In ya buga ƙafa, kafa take fitowa. In ya buga ɗa, sai ka ga da. An sha yi masa tayin kwamfuta, ya ce shi tunaninsa ba ya tafiya sai yana jin ƙas-ƙas. Taurin kai dai, kamar na mutanen gidansu.

To, tun shafin farko na littafinsa na farko, in ya gama bugawa sai ya ajiye mini a kan teburin cin abinci. Ni kuma in na dawo daga makaranta, na gama duba littattafan 'yan aji uku, sai in ɗauki jar biro in bi layi-layi ina lanƙwasa wa haruffa kai. Shi ya sa yake kirana Uwar Ƙugiya. An ce yabon kai jahilci ne, to yau na yarda in zama jahila: ban taɓa tambayarsa me yake nufi ba, kuma ban taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya.

Kuskuren da aka taɓa yi ba nawa ba ne. A bugun farko na *Addu'ar Mai Gardama* maɗaba'a ta yi watsi da ƙugiyoyina a shafi na sittin da biyu. Malam ya rubuta, "Kada ka bar ƙarya ta kwana a gidanka." Ta fito karya. Wani dattijo a majami'armu, mai ɗaukar maganar Malam kamar yankan wuƙa, ya je gida ya kori karyarsa da 'ya'yanta huɗu. Har yau in aka tuna a zumuntar mata sai wata ta riƙe ciki.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Edita ya zo, da wayoyinsa biyu da gumi a goshi. Ya yi jaje yadda ya kamata, ya sha shayi, sannan ya fara murza hula. Na san inda za a.

"Mama, ba don in dame ki ba. Taron cikarsa shekara arba'in da fara rubutu dai an riga an sa rana, mun kuma yi alkawarin sabon littafin zai fito a ranar. Masu bugawa sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Shafi ɗari biyu da goma suna hannuna, duk da jar bironki. Saura na ƙarshe."

Na ce yana cikin keke.

Ya ce, "To ai shi ke nan, mu zaro shi."

Na ce masa ba a taɓa zaro wa Malam takarda ba, shi yake zarowa da hannunsa. Edita ya dube ni, na dube shi. Mu duka mun tuna hannun. Na shiga na ɗage zanen na zaro.

Littafin sunansa *Yumɓu a Hannun Magini*, na goma sha takwas ke nan. Babin ƙarshe duk a kan mutum ne da Mahaliccinsa, yadda tukunya ba ta fi ƙasar da aka ɗebo aka gina ta da ita ba. Na zauna da birona, Edita yana tsaye a kaina. Leko, na mayar leƙo. Daya, na mayar ɗaya. Sai na iso layin ƙarshe:

"Shekara arba'in ina rubutu kamar wanda ya leƙo sama ya dawo. Yau da na tsaya gaban Wanda ya gina ni, magana ɗaya ta rage mini: ni na kasa ne."

Biron ya tsaya a sama.

Ni na ƙasa ne, wato ni yumɓu ne, ba kowa ba. Ko kuwa ni na kasa ne, wato ban iya ba, na gaza.

Edita ya ce, "Mama, da ƙugiya ko babu?"

Na ce ya ba ni kwana biyu, idona ne yake ciwo. Idona lafiyarsa ƙalau.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

An yi wa Malam addu'a a sujada ta farko da ta biyu. Fasto ya ambaci littattafansa ɗaya bayan ɗaya daga kan bagadi, ya manta biyu, na ƙarasa masa daga inda nake zaune. Mutane sun juyo. Su juyo mana, ai ba ƙarya na faɗa ba.

Bayan an tashi na nuna masa shafin a ofishinsa. Ya karanta sau ɗaya, ya cire tabarau.

"Haba Mama, wannan ai ko ɗan firamare ya sani. Ga sama, ga ƙasa. Babin duk zancen yumɓu ne. Mutumin da littattafansa suka hana mutane da yawa barin bangaskiya, shi ne zai rufe aikinsa da cewa ya kasa? Me za mu gaya wa matasa? Sa ƙugiyarki, Mama, ki huta."

Gaskiyarsa. Komai na shafin yana bayansa. Amma Fasto ba ya gidanmu ranar Talata.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ya sha ruwa da kansa, da hagu. Rabi a baki, rabi a riga.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Talata.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Edita ya kira sau uku. A na ukun na ɗauka. Shi nasa ra'ayin ya saɓa da na Fasto, wai babu ƙugiya ya fi "bugun zuciya", masu sharhi za su so shi. Na ce masa mijina ba don masu sharhi yake rubutu ba, kuma ba a yi mai sharhin da zai koya mini k da ƙ ba tukuna.

Na ajiye waya, sai na ji kunyar kaina, domin akwai mai sharhi ɗaya da ban taɓa kama ta da kuskuren ƙugiya ba. Ni na haife ta, ni na koya mata.

Ban kira Auta ba. Lambarta tana bayan kalanda inda na rubuta ta da fensir, don kada Malam ya gani. Yayyenta maza biyu suna kira kullum daga inda suke aiki, kowa da shawararsa. Babu wanda ya ambace ta. A gidan nan mun iya rashin ambato, mun shekara shida muna koyonsa.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Jiya na sauko da *Kujerar Baya* daga kantar littattafai, wai ko zan sami haske. Cikin labaransa tara shi na fi so. Matar nan da take zuwa sujada ta zauna a baya ta fita kafin a tashi, shekara goma babu wanda ya san sunanta. Mutane sun rubuto wasiƙu daga wurare masu nisa suna cewa, ni ce matar nan. Wasiƙun suna nan cikin kwali uku a ƙarƙashin gadonmu, kuma duk ya amsa su da hannunsa. Wane ne zai ce mai wannan aiki ya kasa?

A kan wannan littafin ne Auta ta yi rubutun nata, a mujallar jami'ar da take koyarwa. Shafi goma sha huɗu. Goma sha uku yabo ne, amma wa yake tuna yabo? Layi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: wai marubucin yana yafe wa kowa a babin ƙarshe, domin mutanen takarda ba sa mayar da magana.

Akwai abin da ya riga wannan, tsakaninsa da ita, tun tana budurwa. Ba nawa ba ne da zan rubuta. Layin dai ya sami wurin da ya riga ya yi ƙurji. Ya ninke mujallar, ya ce, "Barewa ta yi gudu, 'yarta ta zo ta take ta." Daga ranar bai sake kiran sunanta ba. Ita ma da yake kamar an tsaga kara suke, ba ta sake tako gidan ba.

Na karanta rubutun nata a ɓoye sau biyar. Allah ya yafe mini, yarinyar ta iya rubutu.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Mai koya masa magana ta zo, wata siririya mai haƙurin tsiya. Tana cewa "a", yana cewa "a". Mutumin da ya taɓa tsayawa awa biyu gaban ɗalibai ɗari biyar yana bayani a kan wahala da alherin Allah ba tare da takarda ba. Na fita baranda na kalli masu shanya zannuwan gado har suka gama.

Shafin yana cikin jakata. Kullum da shi nake zuwa, kullum da shi nake komawa. In na nuna masa, na amsa cewa ban sani ba. In kuma ya nuna mini babu ƙugiya, to na san wanda ya sa masa kalmar a baki.

Asabar, ƙarfe shida na safe

To, bari in rubuta, tun da takarda ba ta mayar da magana.

Ranar Talata muna karin safe. Ranar haihuwar Auta ce, na kuwa san ya sani, domin ya sa sukari sau biyu a shayi bai lura ba. Yana ba ni labarin babin ƙarshe, yana jin daɗin kansa, yana cewa wannan littafin zai fi sauran. Ni kuma ban san abin da ya hau kaina ba. Na ajiye kofi na ce:

"Malam, littafi goma sha bakwai kana koya wa duniya yafiya. 'Yarka guda ɗaya, ka kasa."

Ya goge bakinsa, ya shiga ɗakin karatu ya ja ƙofa. Na ji ƙas-ƙas kamar rabin awa. Ina wanke kofuna ina cewa a raina, ai gara da na faɗa. Sai ƙarar ta tsaya. Sai na ji kujera ta faɗi.

Likita ta ce jininsa ne ya daɗe yana hawa, ba abin da wani ya yi. Ban gaya mata abin da na yi ba balle ta sani. Magana zarar bunu ce, na koya wa yara wannan shekara talatin a kan allo.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Na sa ƙugiyar. Da fensir.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Ban je sujada ba. Na cire kalanda daga bango na kira.

Ta ɗauka a ƙara ta biyu. "Mama? Lafiya?"

Na shirya jawabi mai kyau tun safe, da gabatarwa da komai. Abin da ya fito shi ne, "Babanki yana ɗaki na huɗu."

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu, Mama! Sai yau?"

Na ce ta yi mini faɗan in ta iso. Ta ce shi ne ya ce a kira ta? Na ce ba ya cewa komai yanzu. Na ji ta ja numfashi irin na ubanta in yana neman kalma. Ta ce tana da jarrabawar ɗalibai gobe, jibi za ta shigo motar safe.

Jibi Talata ce. Ban gaya mata cewa ba na son ranar ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Edita ya ce Laraba ce iyaka, in ba haka ba littafin ba zai riski taro ba. Na ce ya ji daga gare ni kafin Laraba.

Na yanke wa Malam farce. Na ce masa, "Gobe kana da baƙuwa." Ya dube ni ya daɗe. Ban faɗi ko wace ce ba, shi ma bai yi alamar tambaya ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Dole in rubuta yanzu kafin wani abu ya zube.

Ta iso ƙarfe biyu, da 'yar jaka da furfura uku a gaban goshi waɗanda ban san da su ba. A bakin ƙofar ɗaki na huɗu ta toge. Ta ce, "Baba, sannu da jiki." Ya juya fuska wajen taga. Na ce a raina, shi ke nan, na tara su don in ƙara ɓata abin.

Ban san me zan yi da hannuwana ba, sai na buɗe jaka na zaro shafin na ɗora masa a kan bargo. Na sa masa tabarau. Na ce, "Malam, Edita yana jira. Duba mini layin ƙarshe."

Ya bi shafin da ido a hankali, jar ƙugiya bayan jar ƙugiya, har ƙasa. Da ya iso wurin sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya sake duba fensirin, sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Na tsorata, na ɗauka abin ne ya dawo. Ashe dariya yake yi. Shekara talatin da takwas bai taɓa ganin fensir a shafinsa ba. Uwar Ƙugiya ta ji tsoro, shi kuma ya kama ta.

Na ce, "Yi dariyarka. Daidai ne ko ba daidai ba?"

Ya ɗaga babban yatsansa na hagu, ya kai baki ya jiƙa shi da yawu. Sau biyu yana kuskure wurin. A na uku ya dace. Ya murza, ya murza, har takardar ta yi baƙi-baƙi ta kusa hujewa. Ƙugiyar ta tafi. K ɗin da keke ya buga ta rage.

Na ce, "Malam, ni na sa ka..."

Ya girgiza kai da ƙarfi, har tabarau ya zame. Ya buga ƙirjinsa da yatsan nan mai baƙin fensir. Sannan ya tura takardar a kan bargo, ba wajena ba, wajen ƙofa.

Auta ta tako ta ɗauka. Ta karanta a tsaye, da idon malamar jami'a, daga sama har ƙasa. Na ga lokacin da ta iso layin. Ta karanta shi a fili, muryarta tana karyewa: "Ni na kasa ne."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Baba, wannan ne layi mafi kyau da ka taɓa rubutawa. Amma sakin layi na biyu ya yi tsawo."

Ya bugi katifa da hagu, ya yi wani gurnani, ya zaro mata ido. Ita ma ta zaro masa. Sai ya kama hannunta, ya riƙe, bai saki ba har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara. Bakinsa ya yi ta aiki, ya yi ta aiki. Abin da ya fito "A-u" ne kawai. Mai koya masa magana ba ta kai shi "ta" ba tukuna.

Na fita baranda. Yau babu masu shanya, na yi kukana ni kaɗai, na ji daɗinsa.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Na kira Edita tun bai kira ni ba.

"Mama, da ƙugiya ko babu?"

"Babu. Kuma ka gaya wa mai buga maka, in ta ga kamar an manta ne ta gyara mini, da ƙafata zan zo maɗaba'ar."

Fasto ma na kira shi. Ya ce to me za mu gaya wa matasa? Na ce a gaya musu mutumin da ya rubuta littafi goma sha bakwai a kan yafiya ya gano bai iya ba, ya kuma faɗa da kansa. In suna da abin da ya fi wannan su kawo.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Shafukan gwaji sun iso. Auta ta ɗauki hutu, tana can asibiti tana karanta masa *Kujerar Baya* tana tsayawa tana gardama, shi kuma yana dukan katifa. Nas ta ce a rage surutu a ɗaki na huɗu. Jiya ya ga littafin nan ya leƙo daga jakata, ya gane nasa ne, ya harare ni sosai. Faɗan da nake jira ke nan, na karɓa da hannu biyu.

Yanzu lissafina ya zama kuskure ɗaya cikin shekara talatin da takwas, shi ma da fensir. Na rubuta shi a nan don kada a ce na ɓoye.

Na duba shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya sau uku. Ban san ƙugiya dubu nawa na sa wa mutumin nan a rayuwata ba. Wannan k ɗin tana tsaye a ƙarshen littafi kanta a miƙe, babu abin da na yi mata. Duk cikin littattafai goma sha takwas, babu harafin da nake alfahari da shi kamarta.

Na rufe biron na mayar da shi jaka.